Wa Ya Kafa Gidan Ibadar Shaolin? Fashin Baƙi Kan Batuo, Sufin da Kunfu Ya Danne Sunansa

Wa ya kafa gidan ibadar Shaolin na ƙasar Sin, kuma da wace manufa aka gina shi tun farko? Wannan tambaya ta sake kunno kai a ƙarshen watan Yulin 2025, lokacin da hukumar gidan ta sanar cewa ana binciken shugabansa, Shi Yongxin, bisa zargin karkatar da kuɗaɗen ayyuka da kadarorin gidan, tare da saɓa wa dokokin da sufayen addinin Buddha suke ɗaukar alkawarin kiyayewa. Da labarin ya bazu, sai tsohuwar amsar nan ta dawo bakin jama'a: wai wani sufi ɗan Indiya mai suna Bodhidharma ne ya kafa gidan, ya tarar da almajirai raunana, ya koya musu kunfu domin su sami ƙarfin jure ibada. Ita ce amsar da finafinan faɗa na 'yan Chana suka dasa a zukatan masu kallo a faɗin duniya, har da matasanmu da suka riƙa cika gidajen silima na Kano da Kaduna a shekarun 1970 da 1980.

Rubuce-rubucen da suka fi kusa da zamanin abin sun faɗi wani abu dabam. An gina Shaolin ne a wajajen shekarar 495, da umarnin sarki kuma da kuɗin baitulmali, domin wani malamin halwa mai suna Batuo. Sunan Bodhidharma bai haɗu da na gidan a rubuce ba sai bayan kimanin shekara 200, kuma bayanan da suke nuna cewa sufayen wurin suna da nasu tsarin koyon faɗa sun zo ne bayan kimanin shekara 1000. A ganina, duk wanda bai san Batuo ba zai yi wa rikicin yau gurguwar fahimta, domin abin da ake ta cece-kuce a kansa, wato zaman mai gudun duniya a inuwar mulki da dukiya, yana nan tun ranar da aka aza harsashin ginin.

Su wane ne sufayen, kuma mene ne zaman natsuwa?

Addinin Buddha ya taso ne daga arewacin Indiya wajajen ƙarni na 5 kafin miladiyya, ya shiga ƙasar Sin a ƙarni na 1 na miladiyya ta hanyoyin fatake da suka ratsa tsakiyar Asiya. Idan an ce sufi a cikin wannan bayani, ana nufin mutumin da ya bar gida da iyali, ya aske kansa, ya koma rayuwa cikin jama'ar masu ibada a ƙarƙashin dokoki tsaurara. Ba shi da wata alaƙa da sufancin da aka sani a Musulunci. Cikakken sufi a ƙasar Sin yana ɗaukar dokoki 250, kuma huɗu daga cikinsu su ne mafi nauyi, waɗanda duk wanda ya karya ɗaya ake korarsa har abada: kusantar mace, sata, kashe mutum, da yin da'awar wani matsayi na ruhi da ƙarya. Ya kamata mai karatu ya riƙe dokar kisan nan a zuciyarsa, domin za ta dawo idan aka zo maganar kunfu.

A zamanin da muke magana a kai, sufaye sun kasu bisa abin da kowa ya ƙware a kansa. Akwai masu fassara littattafai daga harsunan Indiya, akwai masu sharhinsu, akwai masana dokokin zaman sufaye, sannan akwai ma'abota zaman natsuwa. Wannan zama shi ne ake kira dhyana a harshen Sanskrit, Sinawa suka mayar da shi chan, mutanen Japan kuma daga baya suka ce zen. Mai yin sa yakan harɗe ƙafafu ya zauna tsawon lokaci, yana ƙirga numfashinsa, ko yana tuna yadda jiki yake ruɓewa bayan mutuwa domin ya kashe sha'awa, ko kuwa yana lura da duk abin da ya ɗarsu a jikinsa da zuciyarsa ba tare da ya bi shi ba. A zamanin Batuo, malamin chan yana nufin gwanin wannan zama kawai. Mazhabar Chan mai jerin shugabanni da koyarwa ta kanta ba ta tsaya da ƙafarta ba sai a ƙarni na 7 zuwa na 8, kuma daga cuɗa waɗannan ma'anoni biyu ne yawancin ruɗanin ya samo asali.

Abin da tsofaffin littattafai suka ce kan Batuo

Shaida mafi tsufa tana cikin Littafin Wei, tarihin daular Wei ta Arewa da Wei Shou ya kammala a shekarar 554, wato kimanin shekara 60 bayan an gina gidan. Maganar ba ta wuce 'yan layuka ba, amma ta ƙunshi duk abin da ake buƙata: akwai wani sufi daga ƙasashen yamma mai suna Batuo, wanda sarki ya girmama kuma ya amince da shi matuƙa, sai ya ba da umarni a gina Shaolin a gefen arewa na dutsen Shaoshi domin ya zauna a ciki, hukuma kuma ta ɗauki nauyin suturarsa da abincinsa. A bakin Sinawan da, ƙasashen yamma su ne tsakiyar Asiya da Indiya.

Cikakken labarin ya zo ne daga Daoxuan, wani babban sufi masanin dokoki, wanda ya tattara tarihin manyan sufaye a shekarar 645. Shi ya kira mutumin da suna Fotuo, ya kuma ce ɗan Indiya ne. A ruwayarsa, su shida ne suke zaman natsuwa tare, biyar suka kai ga abin da suke nema, shi kaɗai ya rage bai sami komai ba duk da tsananin himmarsa. Sai ɗaya daga cikin abokan ya shaida masa cewa rabonsa yana ƙasar Sin, inda zai tarbiyyantar da almajirai biyu, kuma a can ne zai ci moriyar wahalarsa. Ya ratsa ƙasashe har ya isa Pingcheng, hedikwatar daular Wei ta Arewa, garin da ake kira Datong a yau. Sarki ya karɓe shi hannu bibbiyu, ya sa aka tanadar masa wurin halwa da ɗakunan da aka sassaƙa cikin dutse, wani attajiri daga gidan Kang kuma ya gina masa keɓantaccen gida. Daoxuan ya kawo har da labarin wani yaro da ya leƙa ta kafar ƙofa ya ga ɗakin yana ci da wuta, ya ruga ya kira mutanen gida, da suka zo ba su tarar da komai ba sai sufin a zaune. Irin wannan labari na karama ya zama ruwan dare a tarihin sufaye, kuma abin da mai nazari zai ɗauka daga cikinsa shi ne irin kallon da mutanen zamanin suke yi wa Batuo.

Da sarki ya mayar da hedikwatarsa birnin Luoyang, Batuo ya bi shi, aka sake gina masa wurin halwa a sabon birnin. Amma shi mutum ne mai son kaɗaici, hayaniyar birni ba ta yi masa ba, ya riƙa zamewa zuwa dazuzzukan dutsen Song, wanda Shaoshi wani sashe ne nasa. Ganin haka ne sarki ya ba da umarnin a gina masa gida a can. Masu neman koyon zaman natsuwa suka riƙa zuwa daga ko'ina, har yawansu ya kai ɗaruruwa. Wani abu da Daoxuan ya ambata, wanda nake ganin ya fi komai bayyana halin mutumin, shi ne cewa da tsufa ya kama shi sai ya janye hannunsa daga harkokin gidan, ya bar wa almajirai, ya koma wani ɗan ɗaki a wajen ginin. Gidan da aka gina masa domin ya sami kaɗaici ya cika da jama'a har ya zama dole ya fita daga cikinsa domin neman kaɗaicin.

Masana suna ganin asalin sunansa na Indiya shi ne Buddhabhadra, kuma wannan yakan sa a rikita shi da wani Buddhabhadra, shahararren mai fassara wanda ya rayu daga 359 zuwa 429, ya yi aikinsa a dutsen Lu da birnin Jiankang da ke kudu. Wancan ya rasu fiye da shekara 60 kafin a gina Shaolin. Game da shekarar ginin kuwa, wasu majiyoyi sun ce 496 ko 497, amma 495 ita ce gidan da hukumomin Sin suka riƙa, shi ya sa aka yi bikin cikarsa shekara 1500 a 1995.

Me ya sa sarki zai gina wa baƙo gida a kan dutse?

Sarakunan Wei ta Arewa ba Sinawan asali ba ne. Zuriyar Tuoba ce daga ƙabilar Xianbei, mahaya dawaki daga filayen arewa, waɗanda suka kafa daularsu a 386 suka kuma haɗe arewacin Sin a ƙarƙashinsu a 439. Baƙin da suke mulkin jama'ar da ta fi su yawa da tsohuwar wayewa suna buƙatar abin da zai halatta mulkinsu, kuma addinin Buddha, wanda shi ma baƙo ne, ya dace da wannan buƙata. Tun farkon daular, wani shugaban sufaye mai suna Faguo ya bayyana cewa sarki Buddha ne na zamaninsa, saboda haka rusuna masa ba laifi ba ne ga sufi. An kafa ofishin hukuma mai kula da al'amuran sufaye, kuma a wajajen 460 aka fara sassaƙa manyan gumakan kogunan Yungang kusa da Pingcheng, waɗanda biyar na farkonsu ake dangantawa da sarakunan daular.

Wannan kusanci yana da haɗarinsa. A shekarar 446, sarki Taiwu ya ba da umarnin rushe gidajen ibada da kashe sufaye, bayan an gano makamai a wani gidan ibada na birnin Chang'an a lokacin da ake fama da tawaye. Sai a 452 magajinsa ya ɗage haramcin. Sufayen da Batuo ya tarar sun san cewa hannun da ya ba su shi ne zai iya ƙwacewa.

Sarki Xiaowen, wanda ya karɓi Batuo kuma ya yi mulki daga 471 zuwa 499, ya ɗauki aniyar mayar da daularsa ta Sinawa gaba ɗaya. A tsakanin 493 da 494 ya ɗauke hedikwata daga Pingcheng zuwa Luoyang, tsohuwar cibiyar sarakunan Sin, duk da ƙin amincewar manyan ƙabilarsa. A 495 ya hana magana da harshen Xianbei a fada, a 496 ya sauya sunan gidan sarauta daga Tuoba zuwa Yuan. A daidai waɗannan shekaru ne aka fara sassaƙa kogunan Longmen a kudancin Luoyang, kuma a cikin shekarun ne aka gina Shaolin. Dutsen Song kuwa ba dutse ne kawai ba a idon Sinawa: shi ne na tsakiya cikin duwatsu biyar masu tsarki, inda sarakunan dauri suke zuwa yin hadaya. Haka nan a kansa ne Kou Qianzhi, jagoran addinin Dao wanda ya sami fada a wurin sarki Taiwu, ya yi shekaru yana halwa. Saboda haka a fahimtata, gina wa sufin Buddha gida a wannan dutse aiki ne da ya haɗa abu biyu: biyan buƙatar malamin da sarki yake ƙauna, da kuma kafa tutar sabuwar hedikwata a wurin da kowane Basine yake girmamawa.

Almajirai biyu da gadon da suka ɗauka

Hanya mafi inganci ta gane abin da malami ya koyar ita ce duba almajiransa. Na farko shi ne Huiguang. An ruwaito cewa Batuo ya gan shi yana ɗan shekara 12 a tsaye a kan bakin rijiya, yana buga wani ɗan abin wasa mai gashin tsuntsu da ƙafa har sau 500 ba tare da ya faɗi ba, sai ya ce yaron da yake da irin wannan tattara hankali a wasa zai iya amfani da shi a ibada. Abin lura shi ne, malamin zaman natsuwa bai fara ɗora shi a kan zaman natsuwa ba, ya tura shi ya fara koyon dokokin sufaye. Huiguang ya zama ɗaya daga cikin manyan masana dokokin nan 250, ya taimaka a aikin fassarar da Ratnamati da Bodhiruci, wasu sufaye biyu 'yan Indiya, suka fara a 508, daga baya kuma ya riƙe babban muƙamin kula da sufayen ƙasa a birnin Ye.

Na biyu shi ne Sengchou, wanda ya rayu daga 480 zuwa 560. Ya fara koyo ne a hannun Daofang, almajirin Batuo, kafin ya je gaban Batuo da kansa ya bayyana masa abin da ya cim ma. A ruwayar Daoxuan, tsohon ya yaba masa da cewa daga tsaunukan Pamir zuwa gabas babu wanda ya kai shi a zaman natsuwa. Sengchou ya shahara har sarki Wenxuan na daular Qi ta Arewa ya gina masa gidan ibada na Yunmen a 552, kamar yadda aka yi wa malamin malaminsa. A ƙarni na 6, idan ana maganar zaman natsuwa a arewacin Sin, sunan Sengchou ne yake gaba, kuma hanyarsa ita ce ta bin matakai ɗaya bayan ɗaya kamar yadda littattafai suka tsara. Doka, fassara da zaman natsuwa su ne gadon Shaolin na farko.

Yadda Bodhidharma ya shigo labarin

Bodhidharma mutum ne da ya rayu da gaske, amma abin da aka rubuta a kansa a kusa da zamaninsa kaɗan ne. Wanda ya fara ambatonsa shi ne Yang Xuanzhi, a littafin da ya rubuta wajajen 547 kan gidajen ibadar Luoyang, waɗanda ya ce sun kai 1,367. Ya siffanta shi a matsayin sufi ɗan Farisa mai cewa shekarunsa 150, wanda ya tsaya yana mamakin kyan hasumiyar Yongning. An gina wannan hasumiya a 516, ta ƙone a 534, saboda haka ganin da ya yi mata ya faru ne aƙalla shekara 20 bayan an gina Shaolin. Wani almajiri mai suna Tanlin kuma ya ce ɗa na uku ne ga wani sarki a kudancin Indiya. Daoxuan ya rubuta tarihinsa, ya ambaci hanyarsa da ake kira duban bango, ya kwatanta ta da ta Sengchou, ya ce ta Sengchou a sarari take kuma mai sauƙin bi, ta Bodhidharma kuwa mai zurfi ce da wuyar kamawa. Amma bai ce ya zauna a Shaolin ba, alhali shi ne ya ba da labarin gina wa Batuo gidan.

Abin da ya sauya lamarin shi ne tasowar mazhabar Chan. Wani sufi mai suna Faru, almajirin babban malami Hongren, ya zauna a Shaolin har ya rasu a 689, kuma rubutun da aka sassaƙa domin tunawa da shi yana ɗauke da jerin malamai da ya faro daga Bodhidharma ya gangaro zuwa kansa. A wajajen 710 wani littafi na wannan tsatso ya fara cewa Bodhidharma ya koyar a Shaolin. Mai karatu da ya san muhimmancin silsila a ɗarikun ƙasarmu zai gane dalilin: mazhabar da take cewa ana miƙa koyarwarta daga zuciyar malami zuwa zuciyar almajiri dole ta nuna sarƙar da ta haɗa ta da tushe, kuma dole a sami wurin da za a ce nan ne sarƙar ta fara. Tsatson Batuo da Sengchou bai bar irin wannan jeri mai ɗorewa ba, shi kuwa tsatson da ya jingina da Bodhidharma ya mamaye Sin, ya tsallaka Koriya da Japan da Biyetnam.

Daga nan labarin ya riƙa ƙiba. Zuwa shekarar 1004, lokacin da aka gabatar wa sarki babban kundin tarihin shugabannin Chan, an riga an tabbatar da cewa Bodhidharma ya gana da sarki Wu na daular Liang, ya shaida masa cewa gine-ginen ibadarsa ba su da lada, sannan ya tsallaka kogi ya je Shaolin ya yi shekara 9 yana fuskantar bango. An ce almajirinsa Huike ya yanke hannunsa domin nuna gaskiyar niyyarsa, alhali Daoxuan ya ce 'yan fashi ne suka sare masa hannu. A 1125 aka gina ɗakin tunawa da Bodhidharma a kusa da gidan, wanda yake tsaye har yau. Ta haka baƙon da ya zo daga baya ya gaje kujerar mai gida a zukatan mutane.

To, kunfu fa?

Sufayen Shaolin sun yi yaƙi, wannan ba tatsuniya ba ce, amma dalilin farko na yaƙin ƙasa ce. An rufe gidan a 574 lokacin da daular Zhou ta Arewa ta haramta addinin, aka sake buɗe shi bayan 'yan shekaru, sannan sarkin farko na daular Sui ya ba shi babbar gona a wani wuri da ake kira Kwarin Baigu. Da daular Sui ta ruguje, wani madugun yaƙi mai suna Wang Shichong ya mamaye gonar ya girke sojoji a kai. A 621 sufayen suka mara wa Li Shimin baya, yariman da daga baya ya zama sarki Taizong na daular Tang, suka kama Wang Renze, ɗan ɗan'uwan madugun. Yariman ya aika musu da wasiƙar godiya, aka mayar musu da gonar, aka ba ɗaya daga cikinsu mai suna Tanzong muƙamin janar. An sassaƙa wannan labari a kan wani dutse a 728, tare da sunayen sufaye 13, kuma dutsen yana gidan har yanzu. Rubutun bai ambaci wani salon faɗa ko horo na musamman ba.

Sai a ƙarni na 16, zamanin daular Ming, bayanai suka yawaita, kuma makamin da aka san su da shi a lokacin sanda ce. A 1553 sufayen Shaolin suna cikin waɗanda aka tura yaƙi da 'yan fashin teku a gabar gabashin Sin. Janar Yu Dayou ya ziyarci gidan wajajen 1560, bai gamsu da wasan sandar da ya gani ba, ya tafi da sufaye biyu domin ya horar da su. A wajajen 1610 Cheng Zongyou, wanda ya yi shekaru yana koyo a gidan, ya rubuta littafi kan sandar Shaolin. Faɗa da hannu ya bunƙasa ne bayan haka. Sufayen zamanin ba su danganta fasaharsu ga Bodhidharma ba, sun danganta ta ne ga Vajrapani, majiɓincin gidan a imaninsu, wanda suka ce ya taɓa ɓoye kamanninsa ya yi aiki a madafa, ya kori 'yan tawaye da sandar tona wuta.

Haɗa Bodhidharma da motsa jiki ya fito ne daga wani littafi mai suna Yijin Jing, wanda aka rubuta a 1624 aka jingina masa, tare da gabatarwa biyu da aka sa wa sunayen janar-janar na da. Masanan Sin sun daɗe da gano kurakuran tarihi a cikin gabatarwar, kuma Tang Hao, masanin tarihin wasannin faɗa, ya warware batun a binciken da ya wallafa a 1930. Meir Shahar na Jami'ar Tel Aviv ya sake bin diddigin dukan hujjojin a littafinsa na 2008, ya kai ga matsaya iri ɗaya.

Inda ɓangarori suka saɓa

Masu kare tsohuwar ruwaya suna da hujjojinsu, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Suna cewa rashin rubutu ba shi ne rashin aukuwa ba, musamman a gidan da aka ƙona fiye da sau ɗaya. Gobarar da madugun yaƙi Shi Yousan ya cinna a 1928 ta cinye manyan ɗakuna da ɗakin ajiye littattafai. Suna kuma cewa doka ta haramta wa sufi kisa, saboda haka marubutan addini suna da dalilin ɓoye duk wani horon faɗa. Wasu daga cikinsu ma sun bar Bodhidharma sun koma kan almajiran Batuo, suna kafa hujja da wasan ƙafar Huiguang, da labarin cewa Sengchou ya raba damisa biyu masu faɗa da sandarsa, da wani labarin da ya ce yana yaro abokansa suna cin zalinsa har Vajrapani ya ba shi ƙarfi.

Masana tarihi suna amsawa da cewa labarin ƙarfin Sengchou ya fito ne a wani tarin hikayoyi na zamanin Tang, fiye da ƙarni ɗaya bayan rasuwarsa, kuma buga abin wasa da ƙafa ba faɗa ba ne. Sun yarda cewa gidan ibada mai gonaki da rumbuna yana buƙatar masu tsaronsa, kuma makaman da aka gano a Chang'an a 446 sun nuna haka, amma tsaron dukiya dabam, tsararriyar fasahar da ake gada daga malami zuwa almajiri dabam. Ni ina tare da masana tarihin a nan. Duk da haka akwai ɓangare na uku, na masu ibada, waɗanda a wurinsu labarin shekara 9 a gaban bango darasi ne na haƙuri, kuma ingancinsa a tarihi ba shi ne abin da ya dame su ba. Wannan matsayi yana da mutuncinsa, muddin ba a sayar da darasin da sunan tarihi ba.

Abin da wannan yake nufi ga jama'a a yau

Bayan gobarar 1928 da rikicin juyin al'adu na 1966 zuwa 1976, sufaye ƙalilan ne suka rage a gidan. Fim ɗin da aka yi kan Shaolin a 1982, wanda ya fito da Jet Li, shi ya sauya komai: matasa suka yi ta tururuwa zuwa gundumar Dengfeng da ke lardin Henan, makarantun kunfu suka cika garin, wasunsu da ɗalibai dubbai. Shi Yongxin ya shiga gidan a 1981, ya zama shugabansa a 1999, ya yi wa sunan Shaolin rajistar kasuwanci, ya tura tawagogin wasa ƙasashen waje, aka buɗe cibiyoyi a nahiyoyi daban-daban har da ƙasar Zambiya. A 2010 hukumar UNESCO ta sa gidan da dajin hasumiyoyinsa, inda aka gina fiye da hasumiya 200 a kan tokar manyan sufaye, cikin wuraren tarihi na duniya.

Magoya bayansa suna cewa shi ya ta da gidan daga kango ya kai sunansa duniya, masu sukarsa kuma suna cewa ya mayar da wurin halwa kasuwa. Ko wane ɓangare mutum ya ɗauka, abincin dubban iyalai a Dengfeng, daga masu otal da direbobi zuwa malaman makarantun kunfu, ya rataya ne a kan sunan Shaolin, kuma duk abin da ya taɓa sunan zai taɓa tukunyarsu. Iyayen da suke kai 'ya'yansu waɗannan makarantu, ciki har da 'yan Afirka, ya kamata su san cewa yawancinsu makarantu ne masu zaman kansu, ba sashen gidan ibadar ba, kuma ba duk mai sanye da rawayar riga ne sufi ba.

Hannun hukuma kuwa bai taɓa barin gidan ba. An yi shekaru ana takaddama tsakanin gidan da hukumar yankin kan rabon kuɗin tikitin shiga, har maganar ta kai kotu. A 2017 gwamnatin Sin ta fitar da umarnin hana mayar da addinin Buddha da na Dao hanyar kasuwanci, a watan Agustan 2018 kuma aka ɗaga tutar ƙasa a harabar Shaolin. Kwana ɗaya bayan sanarwar binciken 2025, Ƙungiyar Mabiya Addinin Buddha ta Sin, wadda take ƙarƙashin kulawar gwamnati, ta soke takardar shaidar sufancin Shi Yongxin, kuma cikin kwanaki aka naɗa Shi Yinle, shugaban gidan ibada na Farin Doki da ke Luoyang, ya maye gurbinsa. Aikin da ya tarar a gabansa ya haɗa da tantance makomar kamfanonin da aka kafa da sunan gidan, da matsayin tawagogin wasan da suke yawo a ƙasashen waje, da kuma yawan lokacin da zai rage wa sufaye na zaman natsuwa a wurin da miliyoyin maziyarta suke ratsawa kowace shekara.